Safar hannun da ake raba wa ma'aikata, ta kariya ce ko ta fitar kunya?

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya fama da jama'a. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, akwai maganar da ta jima tana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san wasu za su ce wai yanzu a kan safar hannu ne mutum zai zauna ya rubuto wa jarida duk da matsalolin da ke gabanmu, to su yi haƙuri su karanta tukunna.

Ni sana'ata haɗa taga da ƙofa na alminiyam da gilashi, a nan Kano nake, kafin na buɗe ɗan shagona na yi shekaru ina aiki a wani kamfanin buga kwanon rufi, kenan kusan duk rayuwata hannuna a bakin abu mai kaifi yake, in ka ga tafin hannuna sai ka ce taswira ce saboda tabo. Amma duk shekarun nan wallahi ban san cewa safar hannu tana da aji-aji ba, ni dai a wurina safa safa ce, in ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka han gulob sai a miƙo maka farar nan ta zaren auduga, ko mai ɗige-ɗigen roba a tafi, ko jar nan da aka tsoma a roba, ka taya ka biya ka wuce abinka. Babu mai tambayar ka wane aiki za ka yi da ita, kai ma ba ka tambaya.

Sai da abu ya faru a shagona sannan na farka. Daminar da ta wuce an kawo mana gilashi a a-kori-kura, yarana biyu suna saukewa ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin cikinsu yaro ne mai hankali da iyayensa suka kawo min amana ya koyi sana'a, yana sanye da farar safar audugar nan wadda ni da kaina na sayo musu dozin guda ina ganin na yi abin kirki. An ɗan yi yayyafi, gilashin ya jiƙe, suna zuwa bakin ƙofa sai ya zame masa, shi kuma maimakon ya sake shi ya fashe sai ya damƙe don kar a ce ya yi asara, gefen gilashin ya bi ta tafin hannunsa ya ja. Ko ƙara bai yi ba da farko. Ni dai na ga farar safar tana rikiɗewa tana yin ja tun daga gindin yatsu har wuyan hannu, da muka zare ta sai ga ta a tsage tsaf kamar an sa almakashi, zaren ko turjiya bai yi ba. Muka ɗaure da tsumma muka yi asibiti, aka yi ɗinki aka yi masa allurar tetanus, likitan ya ce yankan ya taɓa jijiyar da ke lanƙwasa yatsa. Yau wata nawa kenan, yatsansa na kusa da ƙarami har yanzu ba ya dunƙulewa yadda ya kamata, in zai riƙe sukundireba sai ka ga yatsan a miƙe shi kaɗai. Ranar da na je gaida mahaifinsa bai ce min komai ba sai Allah ya kiyaye gaba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san tsautsayi gaskiya ne amma akwai nawa sakacin a ciki.

Bayan kwana kaɗan wani kwastomana da ke aikin kula da lafiyar ma'aikata a wurin wani babban gini ya zo karɓar tagoginsa, na ba shi labari, ya ce in kawo masa irin safar, ya juya ta gaba da baya ya ce min oga wannan ai ta hana datti ce da ƙanta, ba ta hana yanka ba. Ya je mota ya ɗauko tasa ya nuna min bayanta, akwai wani ɗan hoto kamar garkuwa da guduma a ciki, a sama an rubuta EN 388, a ƙasa kuma wasu lambobi da haruffa, nasa 4X43C ne. Ni da na sha ganin irin wannan rubutun ina ɗauka lambar kamfani ce ko ta kwali. Ashe duk labarin safar a nan yake, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙar, domin na tabbata a cikin masu walda da kafintoci da 'yan gwangwan da makanikai da ke karanta jaridar nan da wuya ka samu wanda aka taɓa zaunar da shi aka fassara masa.

EN 388 ɗin ma'auni ne na ƙasashen Turai da ake gwada safar aiki da shi a kan abin da ke ji wa hannu ciwo ta hanyar guga ko yanka ko yaga ko huda, an yi masa gyara babba a 2016, kuma ko safar da aka ƙera a Chaina ko Pakistan in dai ana so ta shiga kasuwar Turai to da shi ake auna ta. Lamba ta farko ta guga ce, daga 1 zuwa 4, ana goga tafin safar da takardar yashi ana ƙirgawa har ta huje, in ta jure zagaye 100 ta samu 1, 500 ta samu 2, 2,000 ta samu 3, in ta kai 8,000 shi ne 4. Wannan ita ce ta masu ɗaukar bulo da rodi da dutse. Ta biyu ta yanka ce a tsohon gwaji, daga 1 zuwa 5. Ta uku ta yagewa, ta huɗu ta hudawa, kowacce daga 1 zuwa 4. Sai harafin da ke biye, daga A zuwa F, shi ma na yanka ne amma a sabon gwaji. In kuma ka ga P a can ƙarshe to safar tana da kariyar bugu, irin mai tudun roba a bayan hannu, ta wanda ƙarfe ko guduma kan faɗo masa a gaɓoɓi. X kuma ba ya nufin safar ta faɗi, yana nufin ba a yi wannan gwajin ba ne.

A kan yankan nan nake so in tsaya sosai don a nan ake yaudarar mu, ko in ce muke yaudarar kanmu. Akwai wata siririyar safa baƙa ko ruwan toka mai laushi da ta cika kasuwa yanzu, tana kama hannu kyau, in ka duba bayan irinta sau da yawa za ka ga 4131X ko 4121X. Mutum yana ganin 4 a farko sai ya ce kai wannan ai mai ƙarfi ce, alhali 4 ɗin ta guga ce kawai, lamba ta biyu da ke maganar yanka 1 ce, mafi ƙasa kenan, harafin ƙarshe kuma X, wato ba a ma kai ta sabon gwajin ba. Irin wannan tana da kyau ga mai ɗaura noti ko jera kaya a sito, amma ka ba mai ɗaukar gilashi ko kwano ita, to bambancinta da ta auduga kaɗan ne.

Dalilin da ya sa aka samu gwaji biyu ma abin sha'awa ne. A tsohon gwajin wata reza ce mai zagaye take juyawa tana kai da kawowa a kan ƙyallen har ta yanke shi, to da aka fara saƙa safa da zaren da aka haɗa da silin ƙarfe ko na gilashi sai ya zama safar ce ke dakusar da rezar tun kafin a gama, sakamakon ya daina zama abin dogaro. Shi ne aka kawo sabon, miƙaƙƙiyar reza sabuwa fil ake ja sau ɗaya a kan ƙyallen ana ƙara mata nauyi a ga nawa ne zai sa ta ratsa. A tana jure niyuton 2, B 5, C 10, D 15, E 22, F kuma 30. Kar kalmar niyuton ta rikita kowa, niyuton 10 kusan nauyin kilo ɗaya ne, kenan C tana jure reza da aka danna da kimanin kilo ɗaya, F kuma kimanin kilo uku. Ka ga ko F ɗin da ake ji da ita ba sulke ba ce, kilo uku ai ba wani abu ba ne idan faifan gilashi guda ya zamo da duk nauyinsa, abin da take yi shi ne ta mayar da yankan da zai tsinka jijiya ya zama ƙwarzane ko ɗan rauni da filasta za ta rufe. Ni yanzu a shagona ba na yarda da ƙasa da C ga mai yankan alminiyam, mai ɗaukar gilashi kuwa D zuwa sama nake nema. Wanda ya ci karo da kayan Amurka kuma zai ga nasu tsarin daban ne, A1 zuwa A9 suke rubutawa, kar ya rikita A ɗinsu da ta Turai, a nasu lambar da ke biye da A ɗin ce ke nuna ƙarfi, A9 ce ƙololuwa.

To amma Malam Edita akwai ɗaya gefen maganar wanda in ban faɗe shi ba na ci amanar masu karatu, akwai inda sa safar ma shi ne haɗarin. A kamfanin kwanon da na yi aiki an taɓa kafa mana doka cewa duk wanda aka kama babu safa a hannu za a yanke masa albashi, ba a ware kowa ba, har da masu tura faifai cikin injin da ke lanƙwasa kwano wanda rola-rola ne ke juyawa suna jan ƙarfen. Wata rana da yamma wani abokin aikinmu ya kai hannu zai gyara zaman faifai, bakin yatsan safarsa da ta yi masa yawa ya shiga tsakanin rola, kafin a kai ga kashe injin ya ja hannun. Yatsu biyu ya bari a wurin. Da hannu tsirara ne ƙila ya ji taɓin ya fizge, amma safa ba ta sakin ka, kuma abin takaicin shi ne iya ƙarfinta wajen ƙin yagewa iya yadda za ta riƙe ka wa injin, wato 4 ɗin nan da muke yabo a lamba ta uku a nan ita ce makashinka. Don haka mai aiki da injin huda ƙarfe na tsaye, da injin feƙe ƙarfe, da dutsen wasa wuƙa mai lantarki, da zarton inji irin na 'yan katako a Na'ibawa, da injin markaɗe mai bel a waje, duk inda abu ke juyawa kusa da yatsu, a cire safa, a naɗe hannun riga, a cire zobe da agogo. A sa ta lokacin ɗauko kaya da saukewa, a cire ta lokacin da hannu zai kusanci abin da ke juyawa. Kuma babu wata safar zare a duniya da za ta tsaya gaban haƙorin zarton inji ko faifan giranda, duk wanda ya ce maka tasa za ta tsaya ƙarya yake, murfin injin da aka cire aka jefar a lungu shi ne kariyar wurin.

Sauran sana'o'in ma kowa da tasa. Mai walda fata yake buƙata mai kauri mai dogon wuya, kuma ya kiyayi fararen zaren nan masu ƙarfin hana yanka irin su Dyneema, domin asalinsu roba ne, zafi kaɗan ke narkar da su, tartsatsin wuta ya sauka sai ta narke ta manne a fata. Zaren Kevlar, ruwan ɗorawan nan da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro tun 1965 wanda ake rigar sulke da shi, shi ya fi jure zafi. Bakanike da hannunsa kullum cikin baƙin mai yake ya nemi mai shafin naitiril a tafi, wato wata irin roba da mai ba ya ci, don robar latex, wato robar itace, mai yana lalata ta, tana kumbura ta yi santsi, ga shi wasu ma jikinsu ba ya son ta sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Birkila da lebura mai kwaɓa siminti shi matsalarsa biyu ce, guga da kuma ƙunar siminti, domin ɗanyen siminti cin fata yake a hankali ba ka ji sai dare, safar auduga kuwa in ta jiƙe da shi sai ta zama kamar ka ɗaura wa hannunka shi da gangan, gara wadda ruwa ba ya ratsawa. Mahauta masu fiɗa da sara a manyan wurare akwai tasu ta sarƙar ƙarfe da ake sa wa hannun da ke riƙe naman. Masu gyaran wuta kuma don Allah su ji ni da kyau, EN 388 babu ruwanta da lantarki ko kaɗan, wasu masu hana yankan ma silin ƙarfe ne a cikin zarensu, ta lantarki daban take da nata ma'aunin.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran nan 'yan jari bola da masu tsintar ƙarfe da ke kai wa 'yan gwangwan, da masu kwashe shara, hannunsu cikin fasassun kwalabe da gwangwani mai tsatsa da alluran da aka zubar yake wuni, akasari ma babu komai a hannun, wani ya naɗa leda wani tsohuwar safar ƙafa. Ko su in Allah ya hore musu safa mai 4 a hudawa su sani gwajin da wani tsinken ƙarfe mai kauri kamar ƙusa ake yin sa, ba da allura ba, allurar asibiti siririya ce tana bi ta tsakanin zare ta shige abinta. A riƙa tona shara da ƙarfe ko sanda ba da hannu ba.

Sai maganar girma, wadda mu a nan ba ma ɗauka da muhimmanci ko kaɗan. Safar aiki tana da lamba kamar takalmi, za ka ga 7, 8, 9, 10, 11 a wuyanta, amma ɗan kwangila zai sayo kwali guda duk lamba ɗaya ya raba wa ƙato da yaro ɗan shekara sha bakwai. Wadda ta yi yawa yatsunta na reto, ba ka jin abin da ka riƙe, ƙusa ta faɗi ba ka iya tsinta, wadda ta matse kuma kafin azahar hannu ya gaji. Ƙarshenta sai a cire a cusa a aljihun baya, sai an hango oga a zaro. Ga zafin garin nan, a watan Afrilu ka sa wa mutum safar roba rufaffiya gaba da baya ka ce ya wuni da ita a rana, gumi zai taru a ciki har fatar ta yi fari ta yi laushi, dole ya cire. Shi ya sa na fi son wadda tafin kawai aka shafa wa roba aka bar bayan a saƙe iska na shiga. Da yarana na lura, tunda na sayo musu daidai hannunsu na daina faɗan ku sa safa, da kansu suke sawa.

Na san za a ce tsada, kuma gaskiya ne, kuɗin mai kyau guda ɗaya zai sayo maka na auduga da yawa. Amma ta auduga a shagona kwana nawa take yi, wani lokacin ko sati ba ta rufawa ta huje a babban yatsa, mai kyan kuwa ana wanke ta a shanya a ci gaba da aiki. Ni abin da na kashe a asibiti ranar nan da zirga-zirgar wankin ciwo da aikin da ya tsaya ya isa in saya wa duk yarana mai kyau har da canji, ban ma sa yatsan yaron a lissafi ba don shi ba shi da farashi. Sai dai ita ma mai kyan tana mutuwa, in robar tafin ta goge ko zare ya fara fitowa ko ta samu tsaga ko ɗaya ce, lambar da ke bayanta ta tashi aiki, ba a ɗinke ta da zare da allura a ce an gyara.

Abin da ke damuna kuma shi ne jabu. Buga tambarin garkuwa da lambobi a bayan safa ai ba wuya ba ne, kuma mun san halin kasuwarmu. Ni dabarar da nake yi in zan saya da yawa, sai in fara sayen guda ɗaya in kai shago, in cusa guntun katako a cikin yatsan, ba hannuna ba, in ja ɓallin gilashi a kai da ɗan ƙarfi in gani. Na taɓa sayen wadda aka rubuta wa D, ja ɗaya ta buɗe kamar ta auduga, na mayar wa mai shagon ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma na yarda da shi don bai ma san me D ɗin ke nufi ba. Wadda ke zuwa da 'yar takardar bayani da sunan kamfani da adireshi ta fi kwantar min da hankali a kan wadda ake zubewa a buhu babu uwa babu uba. A nan ne nake kira ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON da ta riƙa leƙa wannan ɓangaren ma, yadda ake maganar jabun taya da wayar wuta haka ya kamata a yi maganar kayan kariya, don wanda ya sa jabu ya fi wanda bai sa komai ba sakin jiki.

Masu kamfanoni a Sharaɗa da Chalawa da Bompai da 'yan kwangilar gini su ma su sani ba alfarma suke yi ba, dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya da suka dace har da safar hannu inda aikin ke buƙata, kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF saboda irin ranar da wani zai ji rauni a bakin aiki. Ma'aikata nawa ne suka san da wannan? Mu dai lokacin da abokinmu ya rasa yatsu babu wanda ya san akwai wani haƙƙi da ake nema, ɗan abin da aka ba shi ya karɓa ya yi godiya. Kalmar da nake so a riƙe a dokar ita ce wadda ta dace, ba a sayo buhun farar auduga a raba a ɗauki hoto a ce an ba ma'aikata kayan kariya ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, ranar 28 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar lafiya da kariya a wurin aiki ta duniya, in ta zagayo ku tura wakilinku Ƙofar Ruwa ko Panteka a Kaduna ya ɗauki hoton bayan safa ku buga shi babba da fassarar lambobin da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, yadda mai shago zai yanke shafin ya manna a bango. Shugabannin ƙungiyoyin masu walda da na alminiyam su ma su karanta wa yara a taron wata. Ni na riga na rubuta nawa da maka a jikin kwali na rataye kusa da teburin yanka, yaron da ya ji ciwon shi ne ma yake karanta wa sababbin zuwa, yana nuna musu da yatsan nasa.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, mai sana'ar alminiyam da gilashi, daga Kano.